Ranar da Baba Ya Ga Maganar Gida a Rubuce

Mahaifina, Dod Geddes, masunci ne tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka hana shi hawa jirgi. A garinmu Buckie kowa baki biyu gare shi: Ingilishi na makaranta da ofis, sai kuma Doric, wanda muke cinikin kifi da shi, muke rigima da shi. Baba bai taɓa kiran na biyun harshe ba. "Maganar gida ce kawai," in ji shi. Yana yaro ya sha bulala a tafin hannu saboda ita.

Wata Asabar da rana, ana ta ruwa, na ja shi zuwa ɗakin karatu na gari, inda wata marubuciya 'yar garin Peterhead, Rhona Duthie, za ta karanta sabon littafinta. Jin akwai shayi ya sa ya biyo ni. Amininsa Wull Mair ya riga mu zuwa.

"Dod a gidan littattafai?" in ji Wull. "Kifi ake rabawa ban sani ba?"

"Kai me ya kawo ka, tsohon banza? Ko matarka ce ta koro ka?"

Rhona ta miƙe ta fara. Labarin matan da ke gyaran kifi a bakin teku ne, cikin sanyi, yatsunsu ɗaure da tsumma saboda gishiri. Na saba ganin a sa maganarmu a bakin wani wawa cikin littafi don a yi dariya. Wannan kuwa duka da Doric ne: teku da Doric, mutuwa da Doric, har tunanin da mace ke yi ita kaɗai. Na waiwaya, na ga Baba ya ajiye kofinsa, bakinsa a buɗe.

Da ta gama, ya dogara sandarsa har gabanta.

"'Yata, abin nan da kika faɗa, da ka kike kawo shi, ko a rubuce yake?"

"A rubuce yake, Baba. Ga shi."

Ya sa tabarau, ya ƙura wa shafin ido, ya ɓata fuska. "Ban gane komai ba. Wannan ai Jamusanci ne."

"Ba a karanta shi da ido kaɗai," ta ce. "Buɗe baki ka faɗa."

Ya fara da ƙyar, yana tuntuɓe kamar ɗan aji ɗaya. Can ya tsaya a kan wata kalma, ya maimaita ta. *Quine*, wato yarinya, sunan da yake kirana da shi tun ina goye.

"Ashe haka take a rubuce!"

Daga nan harshensa ya warware. Muryarsa ta sauka ƙasa, ta ɗauki wani irin lanƙwasa da ban ƙara ji ba tun rasuwar kakata. Masu tattara kofuna suka tsaya cak. Wull, da bakinsa ba ya hutawa, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Rhona kanta ta zauna tana saurare kamar ba ita ta rubuta ba. Sai da ya kai ƙarshen shafin ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Uwata ce ke magana a nan," ya ce a hankali. "Ba ta taɓa shiga littafi ba sai yau."

Da littafin a cikin rigar sanyinsa ya tafi gida. Duk hunturun nan ya karanta shi a teburin kicin, da ƙarfi, ko da mai sauraro ko babu. Ranar da ya gama ya kira ni.

"Elspet, akwai wasu irin wannan?"

"Da yawa, Baba. Mutanen tsibiran Shetland na rubutu da tasu maganar, na tsibiran yamma da harshen Gaelic, har 'yan birnin Glasgow da tasu."

"Glasgow!" Ya girgiza kai. "Waɗannan ko da baki ba a gane su." Ya shafa bangon littafin. "Kawo mini na 'yan Glasgow ɗin, in ji me suke cewa."