Sandar Injin Ban Ruwa

Ƙaras! Wuƙar injin ta kutsa cikin ƙarfen ta karye, guntunta ya yi tsalle ya doki kwanon rufi.

"Innalillahi! Oga Abed, yau ma?" Hambali ya dafe kai.

Abednego na zaune gaban kwamfuta, ƙafafunsa a kumbure sun ƙi shiga silifas, zufa na bin wuyansa. Tun da kamfanin da yake yi wa aiki a Sharaɗa ya rufe, ya sayo wannan injin sassaƙar ƙarfe ya girke a shagon ƙofar gidansa a Kura, katanga ɗaya da Hambali. Duk manomin da injin ban ruwansa ya lalace, nan yake sallama. Sai Oga Abed ya zana abin da ya karye a kwamfuta, injin ya sassaƙo shi tsaf.

To, tsohuwar kwamfutar ta mutu da damina. 'Yarsa Stephanie ta aiko wata daga Kaduna, da sabuwar manhaja a ciki, wai ta fi kyau. Ina kyau! Tsoffin zanensa ko ɗaya bai buɗu ba, komai sai ya sake daga farko.

"Tsohuwar ta san halina," Abednego ya ce yana haki. "In wuƙa ta gama layi, da kanta take ɗaga ta. Wannan kuwa sai ka ce mata ɗaga. Kaina ya sani, maƙwabci, hannun ne yake mantawa."

Hambali dai tumatirinsa ke ransa. Gonarsa ta hanyar Kadawa ta fi kanal ɗin ban ruwa tudu, in ba inji ba ruwa, ga sandar da ke juya farfelar injin ta karye daidai lokacin da tumatir ya yi huda. Ya zaga kasuwa a Kano bai samu irinta ba. Ganyen har ya fara lanƙwashewa.

Ann, matar Abednego, ta leƙo, mayafi a kafaɗa.

"Malam Hambali, don Allah ka yi masa magana. Tun jiya bai yi fitsari ba. Ga motar Baballe a waje, ta sauke kwanduna za ta koma birni. Mu tafi asibiti."

Hambali ya dubi ƙafafun nan, ya dubi guntun ƙarfe ɗaya tak da ya rage a kan benci. Wallahi ya so ya ce a tafi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Madam, ai ya kusa gamawa."

"Kin ji ko?" Abednego ya yi murmushin ƙarfin hali. "Ki ce wa Baballe ya ɗan jira. Maƙwabci, zo ka ara mini hannunka, nawa rawa yake."

Haka Hambali, mutumin da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, ya kama maus, ɗan linzamin kwamfutar, kamar wanda ya kama ɗan tsako.

"Yi sama. Kai, ba fartanya ba ce, a hankali! Dama. Danna nan."

Layi bayan layi suka bi, kowanne sai Abednego ya tabbatar an ce wa wuƙa ta ɗaga. Baballe ya yi ta oda har ya gaji. Rana ta karkata kafin a ɗaura sabuwar wuƙa, injin ya kama sassaƙa, ɓawon ƙarfe na zuba kamar ana fere rake.

Abednego ya yunƙura zai tashi, sai ya sulale ƙasa. Ann ta ƙwalla ƙara. Da ƙyar Hambali da Baballe suka cicciɓe shi zuwa bayan akori-kurar, aka shimfiɗa masa buhu. Hambali ya ɗora ƙafa zai hau, Abednego ya riƙe masa riga.

"Koma. Ba a barin inji shi kaɗai."

Hambali ya koma. Ya tsaya gaban injin da bai san inda ake kashe shi ba, tsoro da kunya sun cika masa ciki. Can injin ya tsaya da kansa. Ya warware sandar, sumul take, da ɗuminta.

Bai kai ga fita ba wayarsa ta yi ƙara. Baballe ne.

"Malam, sai haƙuri. Ba mu kai ba. Muna wuce Kumbotso Madam ta buga mini gilashi, Oga Abed ya cika."

Washegari matan coci suka cika tsakar gidan Abednego da waƙa a hankali. A waje aka jera benci, manoma na zuwa da laka a ƙafa, su yi gaisuwa su wuce. Wani ya tsaya kan Hambali.

"Malam, na biyo ta gonarka. In ba ka ba ta ruwa yau ba fa, shi ke nan."

Hambali ya gyaɗa kai, bai tashi ba. Yana nan a ƙarshen benci, sandar ƙarfen na cikin aljihunsa, ta rinjayar da rigar gefe guda.