Fuskarki a Madubin Amarya

…ga shi ta sake rufewa. Ba sallama, ba komai. Ɗan akwatin nan mai ruwan toka ya fito tsakiyar allo da Turancinsa, wai furogiram ya gamu da matsala, dole ya rufe, a yi haƙuri. A yi haƙuri. Tun ranar Talata abin da kowa ke ce mini ke nan, yau har kwamfuta ta bi sahu.

Na kashe. Ina jira fankarta ta yi shiru. Na kunna.

Hembadoon, kin ga aikin da kika bar mini? Shekara da shekaru muna shagon nan tare, ke kina yawo da kyamara, ni ina zaune gaban allo ina gyara, kin ɗauki rabin mutanen Lafia, amarya da ango, 'yan suna, 'yan coci da fararen kayansu, mahajjata da haƙorin Makka… ke kanki babu hotonki ko ɗaya. Ko ɗaya fa. Na kwashe durowa, na juye kwalaye. In na ce tsaya in ɗauke ki, sai ki kare fuska da hannu ki ce, "Zuwai, ke ki bari, mai ɗaukar hoto ba ya shiga hoto." Wa ya kafa wannan doka? Ke kika kafa abinki, kika tafi kika bar ni da ita.

Yayanki Iorfa ya zo da safe. Ya tsaya bakin ƙofa, ya kasa shigowa, yana kallon kujerarki. Ya ce a wurinku ba a kai mutum gida babu hoto. Za a buga fosta a manna a hanya, a buga a riguna, sannan babba guda a firam wanda yarinya za ta riƙe a gaban akwati tun daga coci har ƙauye. Kuma tsofaffi sun ce sai da zanenku na gargajiya, mai baƙi da fari, a kafaɗarki. Ya miƙo mini hoton ƙanwarki Doofan sanye da shi. Na gane, bai ma ƙarasa ba. In yanko kanki in ɗora a wuyan Doofan. Bayan la'asar zai dawo ya karɓa ya wuce wurin masu bugawa, in ya kuskure yau ba za su gama kafin ranar ba.

Sau nawa muka yi wa mutane wannan aikin? Tsoho ya mutu da singileti, mu sa masa kwat. Kina tsaye bayana kina cin gyaɗa kina cewa in ƙara masa wuya, ya yi kama da kunkuru. Muna dariya, Allah Ya yafe mana, muna dariya da mamacin mutane…

Ta buɗe. To. Bismillah, a hankali.

Bikin Azuba, ɗakin amarya. Nan kaɗai na same ki. Amarya zaune bakin gado ana ɗaura mata ashoke, can bayanta madubin wadirof, a kusurwar madubin kuma — ke. Kin sauke kyamara zuwa ƙirji, bakinki a buɗe, da alama kina yi wa wata tsiya. Fuskar duka ba ta kai farcen babban yatsana ba. In zagaye ta, in yanko, in faɗaɗa ta har ta cika firam. Ga linzamin kwamfuta a hannuna, ga layin yana bin kunnenki, yana bin kitson da ni na raka ki aka yi… faɗaɗa… sandar nan mai nuna ci gaban aiki tana tafiya, tana tafiya, ta kai rabi —

Ta daskare. Kibiyar linzami ta koma agogon yashi. Allo ya yi fari fat, kamar an shafe shi da alli.

Me ban yi ba? Na cire furogiram ɗin, na ɗauko faifansa mai zane-zane, na hura masa iska, na goge da gefen mayafi, na sake sakawa. Na cire haruffan ado da kika cika ta da su, masu lanƙwasa, na katin biki. Na bi ta da maganin bairos har ya gaji ya ce bai ga komai ba. Na kashe janareta na tayar, ko wutar ce ke rawa. Na cire murfin gefe na juyo mata fankar ƙasa, ni ina zufa ita tana shan iska. Har addu'a na tofa mata, Hembadoon, kar ki yi dariya. Na san da kina nan da kin buga mata tafin hannu a gefe, kin ce ta ji tsoron Allah, kuma abin haushi sai ta tashi.

Mu da an rasu da safe, kafin azahar an kai mutum makwancinsa. A yi wanka, a yi salla, a dawo a zauna karɓar gaisuwa, zuciya ta san inda za ta dosa. Ke kuwa kina can mutuware cikin sanyi, kina jiran taron dangi, kina jiran a gama shara a ƙauye, kina jiran hoto. Ke da ko ruwan randa ba kya sha, wai yana kama miki haƙori. Ban san yadda ake irin wannan jiran ba. Ban san inda zan ajiye ki ba — ba ki nan, kuma ba ki tafi ba. Innata ta ce in daina zuwa shago in huta. In huta in yi me?

Makarantar nan ta Shabu. Ɗalibai sababbin shiga, da manyan rigunansu da huluna masu tuntu, kowa na son hoton da zai aika gida. Kin ce kasuwa ce, ba za ki bari ta wuce ki ba. Na ce hadari ya haɗu, ki bari sai gobe. Kika ɗaura leda a kan jakar kyamara, kika haye bayan mashin, kika ɗago mini hannu ba ki ko waiwayo ba. Motar yashi, suka ce. Santsi, suka ce. Kyamarar ma ba a…

A'a. Aiki. Koma kan aiki, Zuwairatu.

Na kira Collins mai gyara. Yana Akwanga, ba zai dawo yau ba. Ya sa na danna nan, na danna can, na karanta masa abin da na gani. Ya yi tsaki. Ya ce ba bairos ba ne, ba wuta ba ce, cikin kwamfutar ne ya cika maƙil. Furogiram ɗin in zai faɗaɗa hoto sai ya sami fili ya baza kayansa, kamar mai shanyar dawa, in bai samu ba sai ya faɗi. Na ce to in kwashe a faifai. Ya tuna mini abin ƙona faifan ya mutu tun bara, shi ya ce mu canza muka yi ta gobe-gobe. 'Yar filashata ta kwasar hotuna kuwa ko biki ɗaya ba za ta ɗauka ba. Sai ya ce, "Hajiya, goge tsofaffin aiki kawai. Ai kwastoma sun karɓi nasu."

Goge kawai.

Ga su nan. Ke ba kya sa wa jakar hotuna a kwamfuta sunan mai ita, ba kya sa kwanan wata, na yi faɗa har na gaji. "Amarya mai kuka." "Baba da akuyarsa." "Ƙauyen Ashige, ruwa ya kore mu." "Fasto ya rufe ido." Ni kaɗai a duniya na san abin da kowanne ke nufi. Sun cika ta tun daga sama har ƙasa, duk inda ƙafarki ta taka a garin nan da ƙauyukansa.

Bari in buɗe ɗaya kafin in… ko kina ciki. Ko a gilashin mota, ko a tabaran wani.

Ba kya ciki. Inuwarki ce a ƙasa, doguwa, gwiwar hannu a sama. A wannan kuma bakin silifas ɗinki. Baba da akuyarsa — dubi yadda yake dariya, tsohon da aka ce tun rasuwar matarsa ba a ga haƙoransa ba. Me kika ce masa? Dubi yaran nan, dubi matan zumunta, duk idonsu wuri ɗaya, duk bakinsu a sake. Ba kyamara suke kallo ba, wa ke yi wa baƙin ƙarfe irin wannan fara'a? Ke suke kallo. Duk hotunan nan ke ce a gabansu, taku kaɗan daga inda firam ya ƙare, kuma ni ce zan…

An kira salla. Iorfa na hanya. Yarinyar da za ta riƙe firam ba za ta riƙe inuwa ba, ba za ta riƙe silifas ba. Mamanki na son fuska. Tana da gaskiya, ita ta haife ki.

Amarya mai kuka — goge. Ta tambaye ni wai na tabbata? Ban tabbata ba. Eh. Baba da akuyarsa. Eh. Fasto. Ashige. Eh, eh. Hannuna na yi, ni ina gefe ina kallonsa. Kwandon shara ma sai an zazzage shi, in ji Collins, in ba haka ba suna nan a ɓoye suna cin wuri. Na zazzage. Ta yi 'yar ƙara irin ta takarda in an murtsuke ta, shi ke nan. Ina jin zafi a nan, ƙarƙashin haƙarƙari, zafi sosai, Hembadoon, ban taɓa kewar mutum haka ba.

Buɗe. Bikin Azuba. Zagaye, yanko. Faɗaɗa.

Sanda na tafiya. Rabi… ta wuce rabi… ta kai ƙarshe.

Ga ki kin cika allo, duk kin farfashe kin zama ƙananan murabba'ai. In lallaɓa, in shafe, in sassauta gefen kumatu. In ɗora a wuyan Doofan, in daidaita launin fata, in ja zanen ya rufe mahaɗa. Bayanki shuɗin sama da gajimare, irin wanda suke so. Hannuna ya san hanya, ko tunani ba na yi. Ko gardama ɗaya ba ta yi mini ba, tana gudu kamar sabuwa.

Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau, babu wanda zai ga ɗinkin. Wata mace ce mai santsin fuska, mai natsuwa, kafaɗa a daidaice, irin wadda ba ta taɓa ɗaga murya a kasuwa ba. Za su manna ta a kowace kwana, su ce Allah sarki Hembadoon. Nan da shekara kaɗan ita za su riƙa tunawa. Ni ma… ni ma wataƙila ita zan riƙa gani in na rufe ido.

Saura in adana. Dannawa ɗaya. Daga nan sai masu bugawa, sai coci, sai rami, sai in zo da safe in buɗe shago ni kaɗai.

Ƙarar mashin a waje. Ya tsaya. An kashe.

Yatsana na kan linzami. Ke kwamfuta, daskare mana. Yi fari, fito da akwatinki, ba ni haƙuri, ki sa in sake tun daga farko… ɗazu ba ke ce…

Fanka na juyawa lafiya lau. Kibiya na nan tsaye a kan maɓallin, tana jirana.