Tsohuwar Taya a Kan Tudu

Ya haura shekara arba'in, ga furfura a gemu ga 'ya'ya biyu, amma har yau Auta ake ce masa, kuma riƙon auta ake yi masa. Wansa, wanda duk layin ke kira Yaya, mai faci ne a bakin titi. Shi ya riƙa ɗaukar masa jakar makaranta, shi ya riƙa rama masa faɗa, shi ya shiga ofis ya yi ta zuba har aka ɗauki ƙanen nasa aikin akawu. Ko Malama, matar Auta, Yaya ne ya fara tare ta a hanya ya ce ƙanensa yana sonta, baki ne dai ya yi masa nauyi. A gidan, duk lokacin da aka tuno labarin nan sai an yi dariya. Auta ma yana yi, sai dai tasa ba ta daɗewa.

Keke ne abu na farko da ya shiga bai yi shawara da kowa ba. Ya saya, ya shiga ƙungiyar masu tuƙin ƙarshen mako, a can ya ji labarin wata jarrabawa da masu taurin kai suka ƙirƙiro wa kansu. Mutum zai zaɓi tudu guda, ya hau ya sauko, ya hau ya sauko, har jimillar hawan ta kai tsawon dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a duniya. Ba barci, ba mai tura ka. Kuma kowane hawa dole ya kai wurin juyawa ɗaya, wanda bai kai ba ba ya cikin lissafi. Kofi babu, kyauta babu. Suna kawai ake sa maka a wani shafin intanet da ba mai leƙawa sai irinsu.

"Tsaya in gane," in ji Yaya da aka yi masa bayani a shagonsa. "Ka hau, ka sauko, ka ƙara hawa, kwana da wuni, kuma a ƙarshe kana nan inda ka fara?"

"Haka ne, Yaya."

"To in dutse kake son gani, ba sai in nemo mota in kai ka ba?"

Malama kaɗai Auta ya gaya wa dalili, yana goge kacar keken a tsakar gida. Ya ce yana son ya gama abu guda a rayuwarsa wanda ba hannun kowa a ciki.

Tudun da ya zaɓa shi ne titin da ke hawa zuwa babban tankin ruwa a bayan unguwa. Titi ne miƙaƙƙe marar ado, doguwar katanga a gefe ɗaya, turakun lantarki iri ɗaya a ɗaya gefen. 'Yan ƙungiya suka auna, suka faɗi hawa nawa zai yi. Malama ta ƙirga tsakuwa daidai adadin ta zuba a bokiti, ta ajiye wani bokitin babu komai a gefe, ta kafa kujera da laima a gindin tudu. Duk saukowa, tsakuwa ɗaya za ta canza gida. A sama kuwa, Yaya ya kawo tsohuwar tayar mota daga shago aka kwantar da ita a wurin juyawa, ya ce shi ne mai gadinta. Auta ya yarda da sharaɗi: ruwa da ayaba kawai zai miƙa masa, ko sirdin keken kada ya taɓa. Yaya ya ce ya ji.

A kan keken akwai 'yar na'ura mai auna jimillar tsawon da aka hau, ba ta fi akwatin ashana ba. Auta ya manna baƙin salatif ya rufe fuskarta. Ya san kansa, in yana ganin lambar tana jan ciki, zuciyarsa za ta riga ƙafarsa mutuwa. Tsakuwar Malama ta ishe shi.

Da yamma ya fara. Dare ya wuce lafiya, da sanyinsa, kuma gari ya waye yana tafiya kamar agogo. Rana ce ta zo da nata lissafin. Kafin ta take tsaka, gishirin gumi ya yi fari a rigarsa, ya daina ɗaga kai gaba ɗaya. Tayar gaba yake kallo da ɗan guntun kwaltar da ke gabanta, har sai baƙar tayar Yaya ta shigo idonsa, ya zagaye ta, ya saki birki. Masu wucewa suna tsayawa su tambayi Malama ko wani abu ya ɓace masa ne a hanyar. Ta gaji da bayani, ta koma cewa e.

Da tsakar rana ya iso sama ya sauke ƙafa, ya amayar da ayabar da ya ci a gindin katanga. Robar ruwa ta suɓuce masa.

"Auta, ya isa haka," in ji Yaya. "Wa ka kashe da za a yi maka wannan horo?"

"Miƙo ruwan, Yaya."

Ya kuskure baki, ya juya, ya gangara. Yaya ya tsaya yana kallon bayansa har ya zama ɗan ɗigo. Sannan ya dubi tayar. Ya sa ƙafa ya ɗan tura ta ƙasa.

Kada a ce mugunta ce, ko ha'inci, domin ko kusa bai kawo haka a ransa ba. Mutum ne da in ya ga abu yana wahala, hannunsa kan riga tunaninsa isa wurin. Da ƙanen ya dawo ya zagaye tayar bai lura ba, sai Yaya ya ji sanyi a ransa. Bayan 'yan hawa ya ƙara turawa. Da ya ga keken yana layi kamar zai faɗi, ya ƙara.

Mai gadin tankin ruwa, wanda ke zaune a kan benci a bakin ƙofa tun safe, ya ce, "Mai faci, wannan tayar taka ƙafa gare ta? Ɗazu a gabana take."

"Kai dai ka yi gadin ruwanka," in ji Yaya.

A ƙasa, Malama ta lura mijinta yana dawowa da wuri fiye da ɗazu. Ta ɗauka ƙarfi ne ya dawo masa, har ta buga wa 'yan ƙungiya waya ta ce su zo, ya kusa.

Rana ta yi sanyi lokacin da tsakuwa ɗaya ta rage a bokitin. Malama ta riƙe ta a hannu, wani maƙwabci ya goya Malamar a babur ya haura da ita, 'yan ƙungiya suka taru a wurin tayar suna tafi. Auta ya iso a hankali, kamar mai tuƙi cikin taɓo. Ya sauka, ya jingina da keken. Murna ta kama shi sosai, irin wadda bai taɓa ji ba, har hawaye suka zo. Ya sa farce ya ɓare salatif ɗin.

Lambar ba ta kai ba. Ya goge fuskar na'urar da babban yatsa, ya sake dubawa. Ba ta kai ba, kuma ba da kaɗan ba.

"Na'ura ce, takan yi ƙarya," wani daga 'yan ƙungiyar ya ce.

Auta ya ɗaga kai, karo na farko tun tsakar rana. Ƙofar tankin da ya kamata ta kasance a gefensa tana can sama, mai gadi yana zaune yana kallon wani wuri daban. A gefen titi, cikin ƙura, akwai zoben da tayar ta bari inda ta fara kwanciya, da wani a ƙasansa, da wani, da wani, jere har zuwa ƙafar Yaya. Tafin ya tsaya da kansa.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Ai kaɗan-kaɗan ne. Wa zai sani? Kai ba ka ga yadda ka koma ba, ni na gani."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka yi amai."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ba shi da ƙarfin faɗa, kuma bai taɓa iya faɗa da Yaya ba. Ya juya wajen matarsa.

"Kin tuna inda lissafin tsakuwa ya kai lokacin?"

"Na tuna," in ji Malama. "Lokacin na canza wa laima wuri."

"To ki mayar da duk na bayan nan bokitin farko."

Ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa. Sannan ta ce wa mai babur su koma ƙasa.

Auta ya kwantar da keken. Ya sunkuya ya ɗaga tayar, ta fi ƙarfinsa ta faɗi. Ya sake ɗagawa ya tsayar da ita, ya fara gara ta sama, yana jan ƙafa. Ba a je ko'ina ba ta ƙwace ta yi gefe, ya bi ta ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya.

Yaya ya riga ya yi tsalle ya isa wurin, hannunsa a miƙe. Abu ne da zai ɗauka da hannu ɗaya, ya yi shekaru yana ɗaukar irinta. Auta bai ko dube shi ba, numfashi kawai yake yi. Hannun ya tsaya a iska na ɗan lokaci. Sai Yaya ya janye shi, ya kai shi baya, ya kama shi da ɗayan ya riƙe gam.

Haka suka haura, Auta yana gara tayar tana faɗuwa yana ɗagawa, Yaya yana biye da shi hannuwa a baya, har zoben farko.