Kashi na Tara a Shagon Mai-tura

Shagon Mai-tura ɗan tsugul ne: kwamfuta mai nishi, igiyoyin caji a cukurkuɗe, da benci inda ake jiran ya cika wa mutane waya da fina-finan da ya sauke ta bayan fage. Shekara da shekaru sana'arsa ke nan, ko sau ɗaya bai taɓa kiranta sata ba.

Sai ga autarsa ta samu shiga wani shiri mai dogon zango, irin wanda sai ka biya kake kallo a manhajar kamfani. Ranar da ta zuba masa kashi na tara a kwamfuta, tun ba a sake shi ba, har da gargaɗi.

"Baba, kai kaɗai za ka gani, don Allah."

Ya ce to. Amma uban da ya ga 'yarsa a allo tana kuka kamar gaske, ina zai iya kame bakinsa? Duk wanda ya miƙo waya sai ya ƙara masa kashin kyauta, yana cewa, "Mai jan mayafin nan 'yata ce." Kafin a ce me, shirin ya cika intanet.

Abin da bai sani ba, duk kwafin da aka ba ɗan wasa akwai lambarsa a ɓoye cikin hoton. Nan da nan aka gano lambar autar, aka dakatar da ita.

Ya sa rigarsa ta fita kunya ya tafi ofishin kamfanin, aka haɗa shi da lauya.

"Ranka ya daɗe, ni na yi. Kuma ko sisi ban karɓa ba."

"Baba, dokar haƙƙin mallaka ba ruwanta da kyauta," in ji lauyan. "'Yarka ce ta sa hannu ba za ta fitar ba, ita kotu za ta kira."

Ya koma gida zuciyarsa a dagule. Autar takan gaishe shi kullum yadda ta saba, sai dai ta daina ɗaga ido ta dube shi, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Bayan 'yan makonni wani tela ya shigo shagon ya miƙo waya.

"Baba, a sa min sabon kashin. An ce a cikinsa ne suka sa mota ta kaɗe 'yarka ta mutu, ko gawar ba su nuna ba."

Mai-tura ya daɗe yana kallon wayar. Ba shi da wata sana'ar. Ya karɓa, ya jona igiya.