Dutse Mai Rai a Ɗakin Jira

Shekara huɗu ina aikin karɓar marasa lafiya a asibitin haƙori, kuma duk tsawon lokacin nan tankin kifi ya fi ni kwantar wa mutane da hankali. Na gilashi ne, yana jikin bango tsakanin kujerun jira da ƙofar ɗakin Likita. Jajayen kifaye biyar ne a ciki, ƙosassu, marasa kunya. Duk wanda ya jiyo kukan injin huda haƙori sai ya ƙura musu ido, su kuma su yi ta wage masa baki kyauta.

Sai Likita ya tafi taron likitoci a wani otal na bakin teku. Abin da aka koyar a taron har yau ban ji ba, amma ya dawo da waya cike da hotunan kifaye masu launi kamar an yi musu kwalliya.

"Waɗannan namu kifin talakawa ne," ya ce da ni ranar Litinin. "Tankin nan na ruwan teku zai koma."

"Likita, ka taɓa yi?"

"Ni da nake zare haƙori daga bakin ƙato, ruwa da gishiri ne zai gagare ni?"

Nufinsa a sayo gishirin girki a zuba, kifayen suna ciki, a cewarsa za su saba. Na lallaɓa na kira Mai Kifi, mutumin da muke sayen abincinsu a shagonsa. Ya zo da rana, siriri ne mai magana a hankali kamar yana ta'aziyya. Ya saurari Likita har ƙarshe, sannan ya ce jajayen nan ba za su kai la'asar a ruwan gishiri ba. Gishirin ma na musamman ne, ruwan kuma sai tatacce, ba na famfo ba. Za a sa sabon yashi, a sa dutse mai rai, wato dutsen da aka ciro daga teku da ƙananan halittun da ke cinye dattin kifi. Sannan a bar tankin mako shida babu kifi ko ɗaya, har halittun su yaɗu.

"Mako shida ina kallon dutse?" in ji Likita.

"Ranka ya daɗe, wanda ya yi gaggawa kifinsa yake binnewa."

Jajayen ni na tafi da su gida a bokiti, a kan cinyata cikin tasi, direba yana ta tambayata ko na miya ne.

Ranar da aka kawo duwatsun, Inna mai shara ta jingine tsintsiyarta ta zo kallo. Inna ta girmi mahaifiyar Likita, kuma ita kaɗai ce a asibitin ba ta jin tsoronsa, don ba ta da sauran haƙorin da zai cire.

"Da kuɗi aka sayi wannan?"

"Mai rai ne, Inna," ya ce.

Ta sa yatsa ta taɓa ɗaya. "To, Allah ya ba shi lafiya."

Aka cika tanki, aka kunna injin tace ruwa da shuɗiyar fitila. Ya yi kyau, sai dai babu kowa a ciki. Marasa lafiya suka shiga neman kifi. Wani tsohon direba da ke zuwa gwajin haƙoran roba ya rantse ya ga biyu, har ya kwatanta wutsiyarsu. Wata malama ta matso teburina ta yi ƙasa da murya ta ce, "Sakatariya, mutuwa suka yi? In likita bai iya riƙe kifi ba, ni kuwa in miƙa masa bakina?" Da na gaji na rubuta a takarda, "Babu kifi, kada a tambaya," na manna. Likita ya yage ta.

A mako na uku ruwa ya fara raguwa, farin ɓawo ya fito a bakin gilashi. Kowace safiya Likita zai dama ruwan gishiri a bokiti, ya auna shi daidai, ya cika tanki. Akwai wani ɗan ma'aunin roba mai allura da ke nuna yawan gishiri, kullum kuma allurar sama take yi. Ya ce ma'aunin jabu ne, ya sayo wani. Sabon ya faɗi abin da tsohon ya faɗa. Ya juyo kaina, wai ko ina ƙara gishiri a bayan idonsa. Na ce ni ko a abincina ba na ƙarawa. Sai ya koma kan Inna, wai sabulun gogenta ne ke shiga ruwan.

Inna tana durƙushe tana goge ƙafar kujera. Ba ta ko ɗago ba.

"Ɗan nan, in miya ta tsotse a wuta, me ake ƙara mata?"

"Inna, wannan kimiyya ce, ba girki ba."

"Ruwa ake ƙarawa. Tururi ba ya tafiya da gishiri. Kai kullum ruwa ya tashi ya bar maka gishirinsa, ka sake bin sa da wani. Ko ni aka sa a ciki da na zama kilishin tsohuwa."

Akwai mutum bakwai a ɗakin jira. Likita ya ga ba zai bar maganar haka ba, ya kira Mai Kifi ya buɗe muryar waya don kowa ya ji a gyara wa Inna zama.

"Wai da wane ruwa ake cika abin da ya ragu?"

"Tataccen ruwa zalla, ranka ya daɗe, ba gishiri. Ai na faɗa maka ranar farko. Kamar miya ce in ta..."

Likita ya kashe wayar. Wani mai kumburarren kunci ya yi dariya, ta zame masa kuka, ya dafe fuska. Likita ya nuna shi ya ce shi ne na gaba.

Kwana goma aka yi ana ɗiban ruwa ana mayar da tatacce kafin allura ta sauko inda ake so. A cikin kwanakin ne wata mata mai jiran a cike mata ramin haƙori ta ce akwai abin da ke motsi. Muka ɗauka irin ganin tsohon direba ne. Ashe gaskiyarta. Daga wani rami a dutsen wata 'yar ƙaguwa ta fito, ba ta fi farcen babban yatsa ba, ta yi tafiyarta a karkace kan yashi ta koma. A cikin dutsen ta zo, ta sha duk gishirin Likita ba ta mutu ba.

"Ka ƙagu, ga ƙaguwa," in ji Inna tana duban Likita.

Da wa'adi ya cika, Mai Kifi ya kawo kifaye biyu a leda, masu launin ruwan lemo da farin ratsi. Ya ɗauki kusan awa yana ɗiga musu ruwan tanki kaɗan-kaɗan kafin ya sake su. Likita ya sa farar riga sabuwa, ya sa ni riƙe waya ina ɗaukar bidiyo. Kifayen suka zagaya sau ɗaya, suka wuce bayan dutse, can lungu kusa da bututun injin, suka kama waje. Mai Kifi ya ce halinsu ke nan, in sun zaɓi wuri sun zaɓa. Wata uku ke nan, wanda duk yake son ganinsu sai ya durƙusa ya manna kumatu da bango. Likita yana yi kowace safiya, gwiwar wandonsa ta shaida.

Inna ta manna filasta a jikin gilashi daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya, kuma ita ke cikawa yanzu, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya hana ta. Jiya na ji Likita a waya yana tambayar Mai Kifi ko tankin zai ɗauki murjani mai rai, irin wanda ke tsirowa a ƙasan teku. Ya saurari amsar, sannan ya leƙo ɗakin jira, ya miƙa wa Inna wayar yana kallon silin.

"Wai ke yake son magana da ke."