Gwanjon Malam Seidu

Akwatin kayan aikin marigayi Maikano ne ya haɗa Ajara da Malam Seidu. Maikano kafinta ne, mutumin Jos. Ita kuwa 'yar zangon Kumasi ce, tana aikin kula da tsofaffi a Manchester. Bayan rasuwar mijin nata, akwatin ya daɗe a bayan ƙofar flat ɗinta na unguwar Hulme, tana tuntuɓe da shi safe da yamma. Da 'yarsu Inaya ta tafi jami'a ta bar mata tsohuwar kwamfuta, sai Ajara ta ɗauki hoton kayan ta sa a shafin gwanjo na intanet, inda kowa ke taya kaya daga ɗakinsa har lokacin da aka ɗiba ya cika.

Wanda ya fi kowa tayi ya ce zai zo daga Birmingham ya ɗauka da kansa. Ta zaci Bature za ta gani. Sai ga dogon dattijo da hular sanyi yana mata sallama da Hausar zango, irin wadda rabonta da ji tun tana budurwa. Ya durƙusa gaban akwatin, ya zaro wani tsohon magogin katako, abin nan da kafinta ke turawa a kan katako yana fere shi har ya yi sumul. Ya juya shi, ya shafa.

"Hajiya," ya ce, "wannan plane ɗin shi kaɗai ya fi abin da na biya a akwatin duka. In na tafi da shi a haka, na zalunce ki."

Ya bar mata shi, ya kuma nuna mata yadda za ta sake sa shi a gwanjo. Ita kuma ta ɗora masa wake da shinkafa, don ba a barin baƙon da ya yi doguwar tafiya ya koma da yunwa.

Daga nan waya ta fara shiga tsakaninsu. Seidu kafinta ne shi ma, ya daɗe da rabuwa da matarsa, 'ya'yansa sun girma sun watse. A gidansa na unguwar Sparkhill a Birmingham ya mai da falon ƙasa ɗakin magogai: kantoci tun daga ƙasa har rufi, na katako, na ƙarfe, na tagulla, wasu sun girmi kakansa. Ran Asabar ɗin da ba ta da shift a wurin aiki, Ajara kan hau coach, doguwar motar safa, ta je. Ya koya mata neman tambarin maƙeri a goshin magogi, da duba tsaga a gefen bakinsa, da gane ko wuƙar ta asali ce ko an sauya. Ya hana ta sha'awar wanda ke ƙyalli.

"Duk wanda aka goge wa tsufansa an rage masa daraja," in ji shi. "Masu tarawa hannun mutanen da suka riƙe shi suke saye."

Ta koya, har ta fi shi haƙurin jira. Shi yana da zumuɗi, yakan taya da wuri. Ita kuwa sai lokaci ya kusa cika take jefa nata tayin.

Akwai wani ƙaramin magogi na baƙin katako da tagulla, aikin wani maƙerin Birmingham na zamanin da, wanda Seidu ya yi shekaru yana nema. Da ya fito a gwanjo ya hana kunnenta sakat da zancensa. Ranar rufewa ya kira ta rai a ɓace, ya ce wani ɓarawo ya fizge masa shi ana dab da rufewa. Ajara ta yi ta ba shi haƙuri tana danne dariya. Asabar ɗin da ta biyo ta ajiye masa shi a kan tebur, naɗe cikin ɗankwalinta. Ya kwance, ya ga magogin, ya ga 'yar ƙunar da ke jikin mariƙinsa kamar yadda ya gani a hoto. Sai ya cire tabarau ya goge ido.

"Ashe ke ce ɓarauniyar."

A ranar ya ce zai aika wa yayanta a Kumasi. Suka tsayar da cewa bayan babbar Sallah za a ɗaura aure. Ajara ta gaya wa Inaya, ta sayi atamfa, ta fara tunanin ko za ta iya barin Manchester.

Sai kiran Seidu ya fara ja baya. In ta kira, ya ce yana asibiti wajen dubiya, zai neme ta. Ya ce kada ta zo wannan Asabar, sannan ya ce kada ta zo ta gaba. Ta ba shi uzuri iri-iri, don mutum ne da bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Wata Laraba da rana, ta dawo daga aiki ta buɗe shafin gwanjon kamar yadda ta saba. Sai ta ga sunan Seidu a jerin masu sayarwa. Ta danna. Magogansa ne, shafi bayan shafi, kowanne an ɗauki hotonsa a kan teburin da suke cin abinci. A ƙarƙashi ya rubuta da Turanci cewa yana bukatar ɗakin, komai zai tafi. Ta yi ta gangarawa har ta kai ga ƙaramin na baƙin katako, ga 'yar ƙunar nan a mariƙi.

Ba ta kira shi ba. Washegari ta nemi wata ta riƙe mata shift, ta hau coach. Daga tasha ta ɗauki bas zuwa Stratford Road, ta sauka ta wuce shagunan yadi da na nama, ta shiga layinsu. Ta tarar an kafa sabon ƙarfen dafawa a bakin ƙofar, an kuma shimfiɗa katako a kan matakala don keken marasa lafiya.

Seidu ya buɗe. Ya rame. Da ya gan ta bai yi mamaki ba, ya dai sunkuyar da kai ya matsa mata. Falon ya zama wani wuri dabam. An cire rabin kantocin, kwalaye jibge a gefe, ga gadon asibiti a inda teburin aikinsa yake a da. A kan kujerar guragu kusa da taga wata mata ce zaune, bakinta ya ɗan karkace, hannunta ɗaya kwance a cinya.

"Sadiatu ce," ya ce a hankali. "Uwar yarana."

Ajara ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata sannu da jiki. Matar ta dube ta da fara'a, ta yi ta kokawa da harshenta kafin magana ta fito.

"Kin zo... sayen kayan?"

"Na zo dubawa ne, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi."

A kicin ya gaya mata, yana tsaye ya jingina da firiji. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama Sadiatu. Council, wato hukumar gari, sun ce sai dai a kai ta care home, gidan kula da marasa ƙarfi. 'Ya'yan suka zo suka zauna a gabansa suna kuka, babban ya ce uwarsu ba ta da kowa a ƙasar nan sai su da shi. Ya mai da aurensa da Sadiatu a masallacin unguwa, kuma ba shi da halin haɗa jinya da sabon aure. Ba ta iya hawa bene, shi ya sa ya mai da falon ɗakinta.

"Na ɗauki waya ban san iyaka ba," ya ce. "In na ji muryarki sai in kasa."

Ajara ta san aikin da ke gabansa fiye da shi. Ta san juya mara lafiya, da wanka, da ba da abinci a baki, da yadda shekaru ke tafiya a haka. Ta nemi abin da za ta zarge shi da shi, ta rasa, wannan kuwa ya fi komai yi mata ciwo.

"Da ka gaya mini da bakinka, Malam. Da ban gani a kasuwa ba."

Ya fita ya dawo da ƙaramin magogin, ya miƙa mata. Ya ce zai cire shi daga gwanjon. Ya sa shi ne don ba zai iya ganinsa kullum a gidan ba.

Ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. "Na riga na ba ka. Ni ma ba zan iya ganinsa ba."

Kafin ta fita ta lura an sa gadon ya yi ƙasa da yawa. Ta nuna masa yadda ake ɗaga shi don kada bayansa ya lalace, da yadda zai tallafi kafaɗar da ta shanye in zai tayar da ita. Ya tsaya yana kallo, yana gyaɗa kai. Sadiatu ta yi mata godiya, ta ce ta gai da gida.

A coach ta zauna gefen taga, ta ja mayafi ta rufe fuska har suka wuce Stoke. Ran Lahadi da la'asar gwanjon ya rufe. Tana zaune gaban kwamfutar, tana ganin tayi na hawa, ba ta taɓa komai ba. Wani mutum a Aberdeen ya samu ƙaramin magogin.

Inaya ta kira da yamma tana tambaya wane launi za su sa ranar biki, don ƙawayenta na son su yi anko. Ajara ta so ta ce mata an fasa, sai ta tsaya kallon atamfar da ta saya.

"Mum? You there?"

"Ina nan," ta ce. "Ki zo gida weekend ɗin nan, in kin samu hali."