Gagarau Ya Ƙi Girma

Kalilu ya tura kwanon tuwon da ƙafa har ya taɓa hancin ɗan kwikwiyon, amma ko sunsunawa bai yi ba. Ya dai ɗago kai ya yi tsuru-tsuru da idanu kamar ɓera a buta.

"Ci, don ubanka," in ji Kalilu.

"Uban da ba ka taɓa gani ba," in ji matarsa Lami daga bakin murhu. "Malam, ka bar zagin dabba da sassafe. Abin nan mutuwa zai yi."

Ran Kalilu ya ƙara ɓaci, don ya san gaskiya ta faɗa. Duk Daura an san shi da turkar raguna. Rago zai shigo gidansa ƙashi da fata, ya fita yana tafiya da ƙyar don ƙiba. Bana ne ɓarayi suka haura katanga suka ɗauke masa biyu daga cikin na layya, shi ya sa ya danne ƙyamarsa ya nemi karen gadi. Muktar ƙanin Lami, direban motar Kano, shi ya kawo masa wannan a kwali. Ya ce karen Turawa ne, har ya nuna masa hoton uwar a waya, gashi buzu-buzu a wuya sai ka ce zaki. A ranar Kalilu ya raɗa masa suna Gagarau, ya kuma yi cika baki a majalisa cewa kafin Babbar Sallah sai ya kai ɗan maraƙi.

Ba abin da bai ɗura masa ba. Tuwo malmala guda, ƙasusuwa daga mahauta, nono, har dusa ya taɓa dama masa da kanwa, tunda ita ke tayar da rago. Gagarau sai zawo da rama. Abokan majalisa kuwa sun sami abin yi, kullum sai sun tambaye shi ya kwanan zaki.

Kwikwiyon ya miƙe zai nufi inuwa, ƙafafunsa suka harɗe, ya faɗi yana karkarwa. Kalilu ya yi tsaki, ya sa tsumma ya ɗauke shi ya jefa a kwali, ya ɗaure a bayan babur.

A asibitin dabbobi ya tarar da layin masu shanu da awaki. Wani Bafulatani ya leƙa kwalin ya tambaye shi ko zomo ne. Kalilu ya rufe kwalinsa.

Likitar, wata matashiya mai suna Amatullah, ta shafa haƙarƙarin kwikwiyon, ta buɗe bakinsa ta duba dasashinsa da ya yi fari fat. Ta lakato zuma ta goga masa a ciki, sannan ta ɗora shi a sikelin da ake auna magani.

"Baba, me kake ba shi?"

Ya lissafa mata. Da ya zo kan dusa sai ta ajiye biro.

"Yunwa ce ke kashe shi, ga tsutsar ciki."

"Yunwa a gidana?" Muryarsa ta tashi har na waje suka waigo. "'Yata, ki tambayi kowa a kasuwar kara. Dabba ba ta yunwa a hannuna."

"Na yarda, Baba. Amma cikinsa bai fi ƙwan kaza ba. Ba ya iya tuwo, nono kuma shi ke sa shi zawo. Dafaffen ƙwai za ka marmasa masa, da 'yar hanta, da shinkafa mai laushi. Kaɗan-kaɗan, cokali ɗaya ko biyu, amma a kai a kai tun safe har dare. Kada ya daɗe bai ci ba, kuma a rufa shi saboda sanyi."

"Jariri aka ba ni ke nan. To in na yi haka, yaushe zai kai gadi?"

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. Ta ciro waya ta lalubo hoto ta miƙa masa. Ga karen nan mai gashin zaki, sak uwar Gagarau, ya leƙo da kai daga cikin jakar hannun wata mata.

"Wannan ya gama girma. Irinsu ke nan, Baba. Ko duk hantar Daura ya cinye, ba zai fi kyanwa ba."

Kalilu ya daɗe yana kallon jakar. Kunya ce ta fara kama shi, sai fushi ya biyo baya ya kore ta. Ya karɓi maganin tsutsa ba godiya, ya ɗauki kwalinsa, bai zame ko'ina ba sai tasha.

Ya sami Muktar yana ɗaure buhunan gero a bayan mota.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya zaki?"

"Ga zakinka nan." Ya dangwarar da kwalin a kan buhu. "Ka mai da ni abin dariya a gari. Ka sa na shigar da kare gidana, matata na ƙyama, maƙwabta na gunaguni, ashe abin jakar mata ka kawo mini."

"Wallahi Yaya ni ma hoto na gani. Maigadin wani gida ne a Kano ya ba ni, ya ce wannan ya ƙi kama nono, za a yar. Na ce Yaya na neman kare, kuma abin da ya shiga hannun Yaya ai ya tashi."

"Bakinka ke nan, kamar reza. Mayar musu da abinsu."

"Wa zai karɓa? Bari dai, in na wuce Kazaure na ajiye shi a bakin hanya." Ya leƙa kwalin ya kwashe da dariya. "Kai, Yaya, haka ka mai da shi? Ai da ya fi wannan kumari. Ashe akwai dabbar da ta gagare ka."

'Yan kamasho biyu suka matso su ma su gani. Ɗaya ya ɗaga kwikwiyon ta fatar wuya yana nuna wa fasinjoji, ƙafafunsa na reto.

"Ajiye shi," in ji Kalilu.

"Ai ka ce..."

"Na ce ka ajiye shi." Ya fizge kwalin ya tara, aka saka masa. "Ba a taɓa fitar da dabba daga gidana a rame ba, kuma ba a kan wannan ƙazamin za a fara ba. Sai ya yi ɓul-ɓul tukuna, sannan ka zo ka ɗauki tsiyarka."

A hanya ya tsaya wurin mahauci ya sayi hanta, ya biya wurin mai shayi ya karɓi ƙwai. Mahaucin ya tambaye shi ko Lami ce ba lafiya. Ya ce masa ya yi aikin gabansa.

Lami ta hana shi tukunyarta, don haka ya dafa a tsohon gwangwanin madara. Ya durƙusa a tsakar gida, babban mutum da furfura, yana marmasa gwaiduwa a murfin kwalba yana zage-zage ƙasa-ƙasa. Gagarau ya sunsuna, ya lasa, ya sake lasa. Ya cinye tas ya ɗago kai yana neman ƙari.

"Ba za ka samu ba sai an jima," in ji Kalilu. "Makwaɗaici."

Bayan sallar magariba ya sake ba shi cokali biyu. Sannan ya ɗauko tabarma da tocila da gorarsa, ya shimfiɗa a bakin garken raguna. Ya koma ya ɗauko kwalin, ya ajiye a gefen da iska ba ta bugowa, ya rufa shi da tsohuwar rigarsa.

Lami ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu.

"Malam, a nan za ka kwana?"

"Wa zai tsare ragunan, ke?"

"A'a, tambaya dai nake yi. Tsakanin kai da Gagarau, wa ke gadin wa?"

Kalilu ya harare ta, ya gyara wa kwalin rufi.

"Ki tashe ni kafin asuba," ya ce. "Likita ta ce kada ya daɗe bai ci ba."